ƘARYA DON A YI DARIYA: WA YA BA MAGABATA WAYAR SALULA?

 Akwai wani nau'in barkwanci da ya tsiro a Amurka da Turai, ya yi rassa, yau ga shi ya iso cikin wayoyin 'ya'yanmu da ƙannenmu. Yadda ake yin sa shi ne a ɗauko wani shahararren mutum da ya mutu shekaru aru-aru, a buɗe masa shafi a Facebook ko Twitter, ko a jefa shi cikin zauren WhatsApp tare da wasu matattu irinsa, sannan a zauna a rubuta masa magana. Sai ka ga wai sarkin Rum yana kukan abokansa sun ci amanarsa a zaure, ko wai Fir'auna yana roƙon a bi shafinsa, ko wai wani jarumin yaƙi yana neman inda zai yi cajin waya a bakin daga. A karanta, a bushe da dariya, a tura wa na gaba.

Abin ba yau ya fara ba. A shekarar 2010 wasu marubuta biyu a Amurka suka fitar da littafi sukutum mai suna Historical Tweets, wanda ba komai a cikinsa sai gajerun saƙonnin da suka ƙaga suka jingina wa mutanen da. A wannan shekarar ne kuma aka fara wani shiri a YouTube mai suna Epic Rap Battles of History, inda ake sa wa 'yan wasa kayan mutanen tarihi su fito suna zage-zage da habaici cikin kiɗa. Daga nan sana'ar ta buɗe. Da kwamfuta ta koyi haɗa zance da murya da fuska kuwa, sai ya zama ba a ma bukatar ɗan wasa: yaro ɗaya a ɗaki zai iya tayar da duk wanda ya ga dama daga kabari ya sa shi surutu.

Tun kafin wani ya ce ga masu ɗaure fuska nan sun zo, bari mu share wannan. Ba mu da gaba da dariya. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yana raha da sahabbansa, da tsofaffi da yara, sai dai ko a cikin rahar gaskiya yake faɗa. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597 bayan Hijira, malamin da ya tattara hadisan ƙarya a littafi guda don a guje su, shi ne dai ya rubuta littafi a kan labaran wawaye da gafalallu don mutane su sarara. Ashe ke nan malamai sun san wurin raha. Abin da suka tsaya a kansa shi ne iyaka, kuma iyakar sananniya ce: Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito gargaɗi mai tsanani, har aka maimaita shi, ga mutumin da ke shirga ƙarya don jama'a su yi dariya. To, wannan barkwancin da muke magana a kai, in ka cire masa ƙarya me ya rage? Harsashinsa da gininsa da rufinsa duk abu ɗaya ne, wato a ce wane ya ce, alhali bai ce ba.

Mai karatu ya dubi yadda abin ke aiki. Saƙon Twitter, har zuwa 2017, bai wuce harafi 140 ba. A irin wannan ƙuncin wuri ba za ka iya gabatar da mutum ba, sai dai ka tsokano abu ɗaya tak da kowa ya riga ya ji game da shi, don da shi ne dariyar za ta tashi. Matsalar ita ce wannan abu ɗayan, sau da yawa, shi ne wanda ba gaskiya ba. Duk lokacin da aka buɗe wa Mari Antuwanet, matar sarkin Faransa da aka fille wa kai a 1793, shafin wasa, abin da ake sa ta faɗa shi ne wai talakawan da suka rasa burodi su ci kek. Masana tarihi sun daɗe da nuna cewa babu wata shaida ta faɗi haka. Labarin ya fito ne a rubutun Ruso, wanda ya jingina shi ga wata gimbiya da bai ambaci sunanta ba, kuma ya rubuta shi a tsakiyar shekarun 1760, lokacin ita tana yarinya 'yar kimanin shekara 10 a gidan ubanta a Biyana; sai a 1770 ta taka ƙasar Faransa. Haka Napoliyon: kullum gajere ne a wasan, yana ɗage don ya shiga hoto. Alhali awon da aka yi wa gawarsa a 1821 ya nuna kimanin santimita 168, tsayin da ba a kiran mai shi gajere a Faransa ta wancan zamani. Gajartar tasa aikin wani mai zanen ba'a ne na Ingila, Jems Gilre, wanda ya riƙa zana shi ɗan ƙanƙani cikin manyan takalma lokacin da ƙasashen biyu ke yaƙi. Yau sama da shekara 200 ke nan, zanen ba'a ya ci, awo ya faɗi. Wanda ke cewa wasa ba ya barin tabo, ya tsaya a nan ya yi tunani.

Waɗancan Turawa ne, wani zai ce ina ruwanmu. To ga namu. Mansa Musa, sarkin Mali, ya yi aikin Hajji a 1324, ya ratsa ta Alƙahira da ayari mai girma da zinari mai yawa. Al'umari, wanda ya je Alƙahira shekara 12 bayan haka ya tambayi waɗanda suka yi hulɗa da shi, ya rubuta cewa darajar zinari ta faɗi a Masar saboda yawan abin da ayarin ya kashe ya kuma bayar. Wannan gaskiya ne. Amma shi dai Al'umarin ya kawo cewa da aka nemi Mansa Musa ya hau fada ya gana da Sarkin Masar sai ya yi ta noƙewa, yana nuna shi ibada ta kawo shi, kuma bai so al'adar faɗuwa a sumbaci ƙasa a gaban sarki ba. An kuma rubuta cewa guzurinsa ya ƙare har sai da ya ci bashi a hannun fataken Masar kafin ya koma gida. Ya komo tare da Abu Ishaƙ Assahili, masani mutumin Andalus, kuma ga zamaninsa ake danganta babban masallacin Jingarebar na Tambutu, wanda ke tsaye har yau. Wannan shi ne mutumin. Sai a 2012 wani shafin intanet mai lissafa dukiyar 'yan fim da mawaƙa ya yanka masa dala biliyan 400, adadin da babu wata hanyar ilimi da za a bi a kai gare shi, aka naɗa shi wai mai kuɗin da ba a taɓa yin irinsa ba. Tun daga ranar, duk mai barkwancin da ya ɗauko shi, ɗan ƙarya yake mayar da shi, mai fankama da zinari, mai liƙi a gidan biki. A 2021 shirin nan na YouTube ya haɗa shi cacar baki da Jef Bezos, mai kamfanin Amazon, a kan wa ya fi wani. Mahajjacin da ya ƙi sunkuya wa sarki ya koma abokin alfaharin ɗan kasuwa. Yaron da ya fara sanin Mansa Musa ta nan, ina ranar da za a ciro masa wannan hoton daga kai?

Masu kare abin suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce yaran yanzu ba sa karanta tarihi, in ba a zuba masa zuma ba ba za su lasa ba; gara su san sunan ta hanyar wasa da su rasa shi gaba ɗaya. Wannan hujja tsohuwa ce, mun san kakanta. Malaman hadisi sun kawo labarin Nuhu ɗan Abu Maryam, alƙalin Marwa, wanda aka tuhuma da ƙaga hadisai a kan falalar surorin Alƙur'ani sura bayan sura. Uzurin da aka ruwaito ya bayar shi ne ya ga mutane sun shagala da fiƙihu da labaran yaƙe-yaƙe sun bar Alƙur'ani, sai ya ƙaga don ya jawo su. Niyya ta ja hankali, aiki na ƙarya. Malamai ba su karɓa ba, suka sa sunansa cikin waɗanda ba a ɗaukar ruwayarsu, domin sun gane cewa wanda ka jawo da ƙarya, ƙaryar ya zo nema, kuma ita zai tafi da ita.

Ga inda wannan hujja ta kai masu ita a zamaninmu. A farkon 2023 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan wata manhajar waya mai suna Historical Figures, wadda ke ba mutum damar yin hira ta rubutu da dubban matattu, kuma aka tallata ta da sunan ilmantarwa. Da 'yan jarida da malaman tarihi suka gwada, sai ga Himla, shugaban rundunar da ta gudanar da sansanonin kisan gilla na Hitila, yana nuna nadamar da mai sunan bai taɓa nunawa ba har ya mutu a 1945. Sai ga Henri Fod, mai kamfanin motoci, yana musun ƙin Yahudawa, alhali jaridarsa ta yi ta buga maƙalolin ƙinsu tun daga 1920. Na'urar an horar da ita ta zama mai ladabi, saboda haka duk wanda ta ara sai ta sa masa ladabi, azzalumi ya fito da taushin baki kamar limami. Barkwanci yana ƙasƙantar da mutumin kirki, na'ura kuma tana wanke mugu, kuma ɗalibin da aka ce ana koyarwa ba shi da abin da zai auna ko ɗaya daga ciki.

Hujja ta biyu ita ce wai kowa ya san wasa ne. Wa ye kowa? Tatsuniya tana da shinge. Tsohuwa takan buɗe ta da kalmomin da kowane yaro ya sani, ta rufe ta da ƙurungus, kuma babu yaron da ya taɓa tashi da safe ya tafi neman gidan Gizo. Hoton fuskar waya ba shi da shinge. Wanda ya ƙaga shi a shafinsa na raha yana iya rubuta gargaɗi a sama, amma na biyu zai yanke gargaɗin, na uku ya fassara, na goma ya tura wa zauren dangi da rubutun ƙasa cewa ku ji abin da wane ya faɗa. Ko a can inda abin ya fito ba su tsira ba. A watan Nuwamba na 2022, da Twitter ya fara sayar da shuɗin makin tantancewa a kan dala 8, wani ya buɗe shafi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly ya sanar wai allurar ciwon sukari ta zama kyauta. Dubbai suka yaɗa, sai da kamfanin ya fito ya ƙaryata. A waɗannan kwanakin ne har wani shafin ba'a mai ɗauke da sunan Annabi Isa (AS) ya samu shuɗin makin, wato wai an tantance shi ne. Kamfani mai rai, mai lauyoyi, ya yi gumi kafin ya wanke kansa. Mamaci wa zai tsaya masa?

Kada a ce mu nan mun fi su wayo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, kuma sai a 1839 aka bayyana wa duniya sana'ar ɗaukar hoto. Duk da haka hotuna na yawo a wayoyi ana cewa Shehu ne, mutane na ɗora su a shafukansu don neman albarka. Al'ummar da ta karɓi hoton mutumin da ya riga kyamara barin duniya, yaya za ta yi ranar da aka kawo mata muryarsa?

Akwai waɗanda suka yi karatu da za su ce ai tayar da mamaci a rubutu tsohuwar fasaha ce, har a adabin Larabci. Haka ne. Muhammad Almuwailihi na Masar ya fara buga labarin Isa ɗan Hisham a jarida a 1898, ya fito littafi a 1907. A ciki wani Basha na zamanin Muhammadu Ali ya tashi daga kabari ya shiga Alƙahirar da Ingilishi ke riƙe da ita, rigima ta haɗa shi da mai jaki, aka yi ta jan sa daga ofishin 'yan sanda zuwa kotu zuwa wata kotun. Amma a dubi wa ake yi wa dariya a nan. Rayayyu ne: lauyoyi masu cin dukiyar marayu, 'ya'yan manya masu kwaikwayon Turawa, malamai masu jayayya a kan abin da ba ya amfani. Mamacin madubi ne aka ɗaga wa masu rai, kuma littafi ne mai marubuci sananne, wanda ba a yanke layi ɗaya a ce ga abin da Basha ya faɗa. Barkwancin waya ya juya madubin. A cikinsa mu ne wayayyu, su ne ƙauyawan da ba su iya latsa waya ba, kuma duk abin da suka yi wa rayuwa da mutuwa, yaƙi ne ko hijira ko wa'azi, sai ya koma irin ƙananan rigingimunmu na neman mabiya.

Ko mai kyakkyawar manufa a wannan fage yakan ga abin da bai shirya ba. A 2012 wani marubuci Bajamushe, Timur Fermes, ya fitar da ƙagaggen labari wanda ma'anar sunansa ita ce ya dawo, inda Hitila ya farka a Balin a 2011, mutane suka ɗauka ɗan wasa ne, ya samu shiri a talabijin, ya yi tashe a YouTube. Manufarsa gargaɗi ce. Da aka zo mayar da shi fim, wanda ya fito a 2015, aka zagaya da ɗan wasan cikin kayan Hitila a titunan Jamus na gaske, sai ga mutane suna rububin ɗaukar hoto da shi, wasu suna kai masa ƙarar baƙi da suka cika musu ƙasa. Dariya ta mayar da dodo abokin hira.

Sai kuma abin da ya sa muka ga wajibi ne mu ɗauki alƙalami. A watan Mayu na 2025 kamfanin Google ya fitar da wata manhaja mai suna Veo 3, wadda ke haɗa bidiyo da murya daga 'yan kalmomin da aka rubuta mata. Cikin makonni kaɗan TikTok da Instagram suka cika da faifan da ake nuna wai Annabi Musa (AS) ne riƙe da waya a bakin teku yana yi wa mabiya shafinsa bayani da yaren 'yan tasha, wai Annabi Nuhu (AS) ne a cikin jirgi yana ƙorafin dabbobi, wai Annabi Dawuda (AS) ne yana shirin jifa yana kashe wa kyamara ido. Wal'iyazu billahi. Waɗanda suka ƙaga su mafi yawa ba Musulmi ba ne, kuma Kiristoci da dama ma sun nuna ɓacin ransu. Mu damuwarmu ita ce yatsan Musulmin da ya latsa alamar dariya ya tura gaba. Waɗannan Annabawanmu ne, imani da su rukuni ne, kuma ba mu rarrabewa a tsakaninsu ta wajen girmamawa. A 1976 Mustafa Akkad ya yi fim ɗinsa na tarihin farkon Musulunci ba tare da ya nuna fuskar Manzo (SAW) ko ya sa masa murya ba. A 2014 Azhar ta yi tir da fim ɗin Amurka a kan Annabi Nuhu, ƙasashen Ƙatar da Baharain da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka hana nuna shi, kuma wannan fim ne da ba don dariya aka yi shi ba. To ina ga wanda aka yi musamman don a ƙyalƙyata? Mai son ya san nauyin uzurin nan na wai wasa muke yi, ya buɗe tafsirin aya ta 65 da ta 66 a Suratut Tauba, ya ga abin da ya sami wasu mutane a hanyar Tabuka da suka yi ba'a don rage tsawon tafiya, da yadda aka mayar musu da uzurinsu.

Abin takaici, mutanen da ake ƙaga wa saƙonni sun bar saƙonninsu na gaske, ba mai karantawa. Wanda ke marmarin ya ga manyan da suna musayar zance, ga wasiƙun da suka gudana tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno, waɗanda Bello ya adana a Infaƙul Maisuri, littafin da ya kammala a 1812. Alkanemi ya tambayi hujjar da ta halatta a yaƙi Barno, ƙasar da ta daɗe cikin Musulunci, ya nuna cewa saɓo ba ya mayar da mutum kafiri, kuma irin laifuffukan da ake zargin mutanensa da su ana samun su har a Masar. Bello ya amsa ta fuskar taimakon da Barno ta ba sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu. Manzo ya yi makonni a hanya, a zauna a yi nazari, a jawo aya da hadisi da maganar malaman fiƙihu, sannan a mayar da amsa. Kuma Bello bai ɓoye hujjar abokin jayayyarsa ba, ya kwafe ta cikin littafinsa, shi ya sa har yau ake iya karanta ɓangarorin biyu. A ba ɗan barkwanci wannan, layi biyu zai mayar da ita: ɗaya ya yi habaici, ɗaya ya toshe shi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin rassa da malaman makarantun Islamiyya da duk mai riƙe da zauren WhatsApp na 'yan'uwa. Faifai ko hoton da ya sa wa wani Annabi ko Sahabi magana ko fuska, a goge shi nan take, a kira wanda ya turo a gefe a yi masa bayani cikin mutunci, domin da yawansu ba su san hukuncin ba. Maganar da aka jingina wa wani malami ko sarki na da, ko da daɗinta ya kai zuma, a tambayi mai turowa a wane littafi take, in ya kasa kawowa a cire ta. Malaman da ke da darasin tarihi kuma, a cikin wannan wata su ware zama ɗaya su karanta wa ɗalibai wasiƙar Alkanemi ta farko da amsar Bello, da Larabcinsu da fassararsu.